Mutum tara a takarda, goma a bakin akushi

Cikin azumin 2019 muka baro garinmu, wani ƙauye a ƙasar Sabon Birni ta jihar Sakkwato. Ba zan tsaya kan abin da ya faru a daren ba. Da gari ya waye dai mun binne waɗanda muka binne, cikinsu har da ƙanena, shanu sun tafi, rumbuna na hayaƙi. Na kwance kan keken ɗinkina na naɗe shi cikin bargo na ɗora wa jaki, muka sa Inna a amalanken maƙwabci, muka yi arewa. Mu tara ne: ni, mai ɗakina, Inna, 'ya'yanmu huɗu, da marayun ƙanena biyu waɗanda uwarsu ta riga shi tafiya. Babban ɗana yana Zariya wajen karatun allo, bai ma san an yi ba.

Iyakar nan da ake faɗa a rediyo, a wajenmu gona ce. Ba ƙofa, ba shinge. Kana tafe cikin karan bara sai wani ya ce maka ai tun ɗazu kana Nijar. Kafin la'asar mun isa garin kawuna a ƙasar Gidan Rumji, inda aka haifi Inna. Gobirawa ne kamar mu, zanen fuskarmu ɗaya, sarautar Tibiri da ta Sabon Birni kuwa tushensu guda. Shi ya sa da aka fara ce mana 'yan gudun hijira na daɗe ina jin kamar da wasu ake.

Kawu bai tambayi kwana nawa za mu yi ba. Ya sa aka share ɗakin da yake ajiye harawa aka ba mata, ni da samari muka ɗauki zaure. Sannan ya buɗe rumbu, a watan da buɗe rumbu ke sa gaban magidanci faɗuwa: bazara ta zo ƙarshe, ruwa bai sauka ba, abin da ya rage a ciki rabinsa iri ne. Na ce, "Kawu, mun yi maka yawa." Ya ce, "Kai, yi min shiru. Shekarar El-Buhari gidan wa munka ci? Kana da wayo sa'an nan?" Yunwar 1984 yake nufi, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan shugaban Najeriya na lokacin don ya rufe iyaka. Ashe a shekarar nan shi da iyalinsa sun ratsa daji sun yi watanni a gidan babana. Ban taɓa ji ba sai ranar. Sati uku na farko babu wanda ya ciyar da mu sai talakawan ƙauyen nan, waɗanda su kansu tafasa da zogale suke kwaɗantawa don tuwo ya yi auki. Farar motar masu agaji daga baya ta zo.

Ƙofar farko ta shiga lissafi ita ce ta mai gari. Tun ranar da muka iso ya sa ɗansa, ɗan lakwal, wato makarantar boko, yana rubuta duk magidancin da ya sauka, da garin da ya fito, da yawan mutanensa, cikin wani littafin makaranta. Mun ɗauka tsoron ɓarayi ne, kada ɗan leƙen asirinsu ya saje cikinmu. Akwai wannan. Amma ranar da jami'an gwamnati suka zo tare da mutanen hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a can ake ce wa HCR, littafin nan aka fara buɗewa. Wanda ba ya ciki sai ya kawo mai masaukinsa ya shaide shi.

Daren da za su zo, magana ta karaɗe gari. Wai rubuta mu za a yi a loda a mota a miƙa wa sojan Najeriya. Wai duk wanda ya ba da sunansa ba shi ba ƙara taka ƙasarsu. Magidanta da yawa suka kwana a gona. Ni ma na ɗauki tabarmata, Inna ta ce, "In ka tahi ka bar ni da mace da ɗiya shida, wa za ya yi magana?" Na ajiye. Waɗanda suka ɓuya, wasunsu sai da aka yi rabo biyu kafin su samu shiga. Rajistar kanta ba wani abin wahala: sunan mai gida, mutum nawa, maza nawa, mata nawa, akwai mai ciki, akwai mara lafiya, akwai naƙasasshe. Aka ba ni ɗan kati mai lamba, bai kai tafin hannu ba.

Da shi muka karɓi kayan farko, su tamfol, tabarmi, barguna, gidan sauro, jarkoki, tukwane da sabulu. Abinci kuma hukumar abinci ta duniya ke kawowa, PAM a bakin mutanen Nijar, ƙungiyoyi su raba: hatsi, wake, mai, gishiri, da wani garin kunu na ƙananan yara da masu ciki. Bisa kai ake aunawa. Nan na fara gane cewa 9 ɗin da ke jikin katina ta fi sunana nauyi.

An gaya mana a wajen rabon cewa abincin nan namu ne, na wata guda, kada a sayar. Na shigo da buhu gidan Kawu, matansa biyu na tsakar gida suna surfa ɗan abin da ya rage musu, suka yi kamar ba su gani ba. To ta yaya zan kafa murhu na biyu a gidan da aka buɗe mini rumbu? Na ajiye buhun a ƙofar uwargidansa. Abincin mutum tara ya shiga tukunyar mutum ashirin, bai ga sati biyu ba. Haka kowane gida ya yi, sai wanda ba shi da ta ido. Daga baya an riƙa sa wasu masu masauki cikin rabon, kuma a ganina cikin duk dabarun da aka zo da su babu wadda ta kai wannan hankali.

Rajista ta biyu, ta na'ura, sai bayan girbi ta iso mana. Ita ce ta gaske. Aka kafa rumfuna a farfajiyar lakwal, aka ce kowa ya zo da ƙafarsa har jinjiri, ba a rubuta wanda ido bai gani ba. Mun kama layi da asuba, ba mu shiga ba sai bayan azahar. Tebur bi tebur ake bi: tambayoyi, hoto, sannan yatsu goma da ƙwayar ido. Ƙananan yara hoto kawai ake musu.

Wadda ta yi mana tambayoyi wata Bazabarmiya ce. Tana ganin zanen fuskar Inna ta ce, "To, yau ga bayina sun zo." Zabarmawa abokan wasan Gobirawa ne. Inna, wadda tun da muka binne ƙanena haƙorinta bai fito ba, ta ce, "Ke da ko Hausa ba ki iya ba, mi za ki rubuta?" Daga nan aikin ya yi daɗi, amma bai yi sauri ba. Aka ce Inna ta faɗi sunan ɗanta da ke riƙe da ita, ta kau da kai. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba, ba kuma a gaban kwamfuta za ta fara ba. Aka nuna autanmu aka ce wane ne wannan a wajenki, ta ce mijinta ne. Mai ɗakina ita ma da aka tambaye ta sunan mijinta cewa ta yi "Malam". Da aka zo kan shekaru Inna ta ce, "Sa'ad da anka kashe Sardauna ina tallan hura." Matar ta ƙirga baya daga 1966 ta rubuta 1958. Ranar haihuwa kuwa 1 ga Janairu aka ba mu duka, ni da matata da uwata, sai ka ce 'yan uku.

Inda abin ya tsaya cak shi ne da aka ce, "Ina aka haife ki?" Inna ta nuna da haɓa: "Nan. Ga gidan can bayan tsamiya." Matar ta ɗauke hannu daga kwamfuta. Ta ce a ƙa'ida ɗan gudun hijira shi ne wanda ya baro ƙasarsa ya shiga ta wasu. Ɗan Nijar da ya dawo daga Najeriya gida ya dawo, lissafinsa dabam. Inna ta ce ita mace ba ta san wani gari ba sai na mijinta, can ta haihu, can ta binne. Ba ta da takardar Nijar ko ɗaya, sai katin zaɓen Najeriya ƙulle a bakin zane. Aka kira wani babbansu, ya juya katin gaba da baya, ya yi 'yan tambayoyi, aka bar ta cikin takardarmu. Gumin da na yi a rabin awar nan ban yi shi ba a hanyar gudu.

Sai yatsu. Shekara hamsin na daka da surfe da jan guga sun shafe zanen yatsun Inna sumul. A ɗora, na'ura ta ƙi. A goge da ruwa, ta ƙi. Yaron da ke wajen ya ce ta shafa yatsan a goshinta ya ɗauki maiƙo, da haka aka samu uku cikin goma. Idonta na hagu akwai yana, shi ma bai ɗauku ba. Daga ƙarshe aka miƙo mana takarda guda mai hoton kowa da lamba da hatimi. Sunana ya fito da rubutun Faransanci, inda muke sa "u" sun sa "ou", sai da na karanta sau biyu kafin in gane kaina. Duk wanda zai bi wannan layin, ya tsaya nan bakin tebur ya sa a karanta masa takardar, suna bi suna, kai bi kai. Gyara a lokacin minti biyu ne, in an tashi kuwa sai wata da watanni. Inna ta karɓi takardar ta sa a leda, ta cusa cikin kwalla ƙarƙashin likkafaninta, wanda shi kaɗai ta ɗauko daga ɗakinta daren da muka fito.

A 2020 gwamnatin Nijar ta yanke cewa waɗanda rikicin Sakkwato, Zamfara da Katsina ya koro 'yan gudun hijira ne kai tsaye, ba sai an zaunar da kowa shi kaɗai an tantance labarinsa ba. Ban san girman wannan ba sai da na haɗu da wani ɗan Sudan a Maraɗi wanda ya yi shekaru a Agadas. Shi har lokacin mai neman mafaka ne, yana jiran hukumar tantancewa ta ƙasa ta duba maganarsa ta ce e ko a'a. Mu gudu ya haɗa mu a taro, aka amsa mana a taro.

Zuwa watan Satumba na 2019 an ce waɗanda suka tsallako sun haura 40,000. Ƙauyukan bakin iyaka suka cika, rijiyoyi suka fara ƙafewa da hantsi, ga ɓarayin ba su san wata iyaka ba, babur ɗaya ke kai su ko'ina. Sai aka zo da maganar matsawa ciki, zuwa garuruwa uku: Ɗan Daji Makau, Garin Kaka da Cadakori. Ba sansani ba ne irin wanda ake kewayewa da waya. Ƙauyuka ne masu mutanensu, aka yanka fili a gefe, aka ƙara famfo da azuzuwa da likita, baƙo da ɗan gari su yi amfani tare. Ba a tilasta kowa ba, amma duk mai ido ya ga inda agaji ya karkata.

Na ƙi tashi. Daga garin Kawu ina iya saɗaɗawa in duba gonata in dawo a yini, kuma raina na gaya mini kaka ɗaya ce mu koma. Abin da ya karya mini gwiwa shi ne harin ƙarshen watan Mayu na 2020, da aka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni rana guda. Kawu da kansa ya ce, "Ɗauki uwarka ku matsa. Ba korarku nike ba." Na san ba kora ba ce, na kuma san rumbunsa. Muka ba da suna, aka kwashe mu a mota zuwa ɗaya daga cikin ukun.

Zaman can ya zo da nasa karatun. Yara suka shiga lakwal suna dawo mini da Faransanci. A likita ba a karɓar kuɗin ganin yaron da bai kai shekara biyar ba, dokar ƙasar ce, ba don mu aka yi ta ba. Na kafa kekena a inuwa, na koyi lissafin dala: in mace ta ce za ta ba ka ɗari biyu, jika guda take nufi, sefa dubu. Ɗinkin farko da na yi sai da na yi rigima da mai kayan, alhali kuɗin da ta ba ni ya fi wanda na tambaya.

Ana cikin haka, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka kwashe almajirai kowa aka mai da shi jiharsa. Aka sauke ɗana a Sakkwato. Ya je garinmu ya tarar da kango, ya bi bakin direbobi da 'yan kasuwa har ya ji inda muke. Iyaka a rufe take tun watan Agusta na 2019, ɗan kabu-kabu ya ratso da shi ta daji. Wata la'asar ina kan keke na ɗaga kai na gan shi tsaye da allonsa. Mun zama goma.

Takarda kuwa ta ce tara. Na kai shi wajen masu rajista washegari, ina ganin magana ce ta ƙara layi ɗaya. Aka ce sai an yi masa tambayoyi shi kaɗai, ni ma ni kaɗai, a ga ko bakinmu zai zo ɗaya. Sai shaidu daga mutanen garinmu. Sai kuma ranar da masu na'ura suka zagayo, ga korona ta hana taro. Na ji haushi, amma ban ga laifinsu ba, don na san abin da ake yi. Ana aron yara. Ni kaina ranar rajista wani ya ce in ba shi biyu cikin nawa ya shiga da su, in an yi rabo ya ba ni tiya biyu. Na'urar yatsu don irin wannan aka kawo ta, sai dai mai gaskiya ma a layin yake jira. Wata bakwai yaron nan yana cin rabon da ba nasa ba, kuma ya sani. Shi ke fara tsame hannu daga akushi ya ce ya ƙoshi. Da mai ɗakina ta haihu daga baya ban yi wasa ba: takardar likita, takardar haihuwa daga ma'aikatar magajin gari tun wa'adi bai wuce ba, sannan wajen rajista. Wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya bi ta gaban alƙali.

Yanzu ga inda na yi wa kaina.

Mutane na ƙaruwa, kuɗin agaji ba ya ƙaruwa. Aka tara mu aka ce daga yanzu ba kowa zai riƙa samu ba, za a bi gida gida a ga wanda ya fi buƙata. Ranar da za a zo namu, mai ɗakina ta share tsakar gida tas, ta aro darduma, ta sa wa yara kayan da na harhaɗa musu da ƙyallaye, ta karɓo fura da nono bashi. Baƙi za a yi. Ga awaki uku a turke, na wata 'yar gari ce da ta ba mu kiwo, in sun haihu mu ɗauki ɗaya. Ga keke a inuwa, kayan mutane rataye reras don salla ta kusa. Wani saurayi ya shigo da 'yar na'urarsa a hannu, ya gaishe ni da ladabi, ya zauna kan dardumar aro.

"Baba, sau nawa kuke cin abinci a rana?"

"Uku, alhamdu lillahi."

"Cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa kuka ci nama?"

Na ce biyu. An yi suna a maƙwabta, kowane yaro ya samu tsoka, washegari aka ɗumama romon.

"An taɓa kwana ba a ci ba? Manya sun taɓa haƙura don yara su samu? Kun ci bashi don abinci?"

Ina jin mai ɗakina tana tari a bayan zana. Na ce Allah dai yana rufa asiri. Wane magidanci ne zai dubi yaro sa'an ɗansa ya ce iyalina sun kwana da yunwa? Ya nuna awaki ya ce na gidan nan ne, na ce a nan suke. Ya danna. Ya sha fura, ya yi godiya, ya tafi. Ni har ina jin na fita kunya.

Da aka kafe sunaye, na bi lambobi da yatsa daga sama har ƙasa sau uku. Babu tamu. Na dawo gida ban ce komai ba, ita ma ba ta tambaya ba, labarin zuciya a tambayi fuska. Can da magariba ta leƙo ta ce, "Malam, kai da bakinka. To yau sai mu dafa alhamdu lillahi."

Akwai kwamitin koke-koke, maza da mata, wasu cikinmu wasu 'yan gari. Wajensu ake kai ƙara, su rubuta a littafi su miƙa gaba. Abin da na kasa faɗa wa baƙo ɗaya a cikin gidana, sai ga ni ina faɗarsa a gaban maƙwabta bakwai. Na ce awakin ba nawa ba ne, mai su ta zo ta shaida. Na ce ɗinki na salla ne, in ta wuce sai in yi sati ban taka keke ba. Mai kanti ya kawo littafin bashi, shafina ya cika ya juya baya. Na ce ni da uwar yara mun fi wata muna cin sau ɗaya. Wata tsohuwa cikin kwamitin ta ce, "To da mi ya hana ka hwaɗi?" Ban da amsa.

Aka ce za a dawo, ba a faɗi rana ba. Da suka dawo babu darduma, babu fura. Suka tarar da tafasa a wuta da ɗan gari a ƙasan ƙwarya, suka buɗe, suka gani, suka rubuta. An mai da mu cikin lissafi, amma rabo biyu sun wuce mu, kuma abin da ya wuce ba a biya.

Ban ce tambayoyin nan ba su da kyau ba. In abinci bai isa kowa ba dole a nemi hanyar zaɓe, kuma gara tambaya da son kai. Amma an kawo su ne ga mutanen da tun suna goye ake koya musu cewa amsar "ina kwana" ita ce "lafiya lau", ko da gawa a ɗaki. Wanda ya iya marairaicewa ya shige, mai kunya ya faɗo. Ni na yi sakandare, ina da bakin zuwa gaban kwamiti. Na san gwauraye mata da tsofaffi da suka amsa irin tawa, ba su je ko'ina ba, suka ce haka Allah ya so.

Daga baya wani lokacin kuɗi ake bayarwa maimakon buhu, ta kati, kuma da sunan mai ɗakina, don ita ke zuwa karɓa. Ta fi son haka, tana sayen abin da tukunyarta ke so, har da daddawa da barkono waɗanda ba sa cikin buhun kowa. Aibin kuɗi shi ne kasuwa ke yanka masa nauyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ECOWAS ta sa takunkumi aka rufe iyakoki, kaya suka maƙale a hanya, farashi ya tashi, abin da ke kai mu ƙarshen wata ya koma ƙarewa a tsakiya. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe iyakar Najeriya. A tsakanin nan keken ɗinkin da ya kusa jawo mini asara shi ya riƙe gidan.

Bara da kaka ɓarayi suka shiga garin Kawu. Sun kwashe shanu, sun ce za su dawo. Sai ga shi a amalanke da mutum goma sha ɗaya, ya tsufa, rawaninsa duk ƙura. Na fitar da keke daga ɗakin ɗinki na ba matansa. Rumbu dai ba ni da shi, mai ɗakina ta jawo rabin buhun da ya rage ta ajiye a ƙofar uwargidansa. Inna ta zauna kusa da wanta suna ta lissafin waɗanda suka mutu.

Shi a ƙasarsa yake, don haka ba ɗan gudun hijira irinmu ba ne, na cikin gida ne. Nijar na da doka a kansu tun 2018, layinsu dabam, takardarsu dabam. Amma tambayoyin na san su. Daren da za a rubuta su na zaunar da shi a zaure na karanta masa karatun duka. Kowa ya zo da ƙafarsa. A karanta maka takarda kafin ka tashi. Abin da ba naka ba kada ka ce a nan yake. In an tambaye ka abinci, Kawu, don Allah ka faɗi yadda abin yake. Yana ta gyaɗa kai yana cewa ya ji.

Da safe na raka shi. Layi ya kawo kanmu, wata yarinya da na'ura a hannu ta ce, "Baba, ina kwana? Ya iyali? Tun da kuka zo kuna samun abin da za ku ci?"

Kawu ya gyara zaman riga. "Lahiya lau, ɗiyata. Ba mu rasa komi ba, sai godiya."

Na taka masa ƙafa. Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, bai ko rage murya ba.

"Kai, ɗaga min ƙahwa. So kake in ce ɗan ƙanwata ya bar ni da yunwa?"

Yarinyar ta tsaya da yatsa bisa na'ura, tana duban sa, tana duba na.